Don Allah ku duba man bishiyar nan, ya aka yi dawa ta bar gero ta koma gidan masara?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah duk wanda ya karanci ilimin tsirrai ko ya taɓa aiki da manhajar kwamfutar nan ta MEGA ya taimaka man, ran Litinin zan miƙa rifot kuma wallahi kaina ya ɗaure tamau.

Ina aji uku ne a jami'a nan Katsina, an ba mu furaktikal kan bishiyar nasaba ta halittu, wato yadda ake zana dangantakar wannan jinsi da wancan. Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi halittu takwas zuwa goma waɗanda ya sani da idonshi, wasu suka ɗauki dabbobi su raƙumi da saniya da akuya, ni kuma na ce hatsi zan yi tunda a gidan noma na tashi, babu hutun damina da ba na komawa ƙauye. Na ɗauki gero, dawa, masara, rake, acca, shinkafa da alkama, sai na sa wake a matsayin bare wanda za a kafa saiwar bishiyar da shi.

Aikin kashi biyu ne. Na farko da hannu ake yi, ka zana tebur ka jera siffofi, wanda ke da siffa ka sa mashi 1 wanda ba shi da ita ka sa 0. Na sa abubuwa irin su kara ya fi mutum tsayi, zangarniya a can saman kara, ƙwaya ƙanana masu zagaye, jure fari, da sauransu har guda goma. Da na haɗa sai gero da dawa suka fito reshe ɗaya kamar yadda kowa zai zata, masara da rake suka yi gefe, acca ta bi shinkafa da alkama saboda duk gajeru ne. Hankalina ya kwanta da wannan.

Kashi na biyu ne ya rikita ni. Na shiga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, na sauke jerin harufan DNA na wata ƙwayar gado da ake ce ma rbcL na kowannensu, na jera su da ClustalW a cikin MEGA 11, na gina bishiyar da hanyar Neighbor-Joining da lissafin Kimura 2-parameter, butstarap, wato gwajin da ke fito da lambobin kan rassa, sau 1000 kamar yadda aka rubuta mana a allo. Abin da ya fito: dawa da rake sun haɗu da lamba 54, su biyun sun haɗu da masara da lamba 98, gero can gefe shi da acca da lamba 47, su biyar ɗin gaba ɗaya 91, shinkafa da alkama 39, wake kuma reshenshi ya miƙe dogo har ya kusa fita daga sikirin.

To ni abin da ban gane ba, dawa da gero da muke shukawa a gona ɗaya, layi gero layi dawa, rumbu kusa da rumbu, ko a baki ma ba a raba su, ta yaya dawa za ta fi kusa da masarar da daga Amurka aka kawo ta? Kuskure na yi ko ko? Sannan lambobin nan 39 da 47 me suke nufi, na faɗi ke nan? Wani abokina kuma ya ce tunda wake ne a ƙasa shi ne kakansu duka, alkama da ke can sama ita ce ta fi ci gaba, ni dai ban yarda ba amma ban san da me zan ƙaryata shi ba. Kuma wani abu, na rubuta Pennisetum glaucum a wurin nema sai ya riƙa fito man da Cenchrus americanus, na dai ɗauka haka nan, ina tsoron ko wata ciyawa daban na sauke ba gero ba.

Bakatsine a Samaru:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, babban abin da bishiyar ta nuna maka daidai ne, ba kai ka fara jin wannan mamakin ba, ni ma da na fara ganinshi sai da na sake aikin sau uku.

Duk abubuwan da ka ɗauka ban da wake ƴan gidan ciyawa ne, Poaceae. A cikin gidan akwai manyan ɓangarori biyu, ɗaya shi ne na su shinkafa da alkama da sha'ir da gora, ɗayan kuma na su gero da dawa da masara da rake da acca da tamba. To a cikin wannan na biyun dawa da rake da masara ɗaki ɗaya suke, ana ce mashi Andropogoneae, har da gamba da ake zana da ita a ciki take. Gero da acca kuma nasu ɗakin daban, Paniceae. Wato 98 ɗin nan da ka gani ba hatsari ba ne, duk wanda ya yi aikin da kyau a ko'ina a duniya abin da zai samu ke nan. Masu bincike sun ƙiyasta zuri'ar dawa da ta masara sun rabu kusan shekara miliyan 12 da suka wuce, rabuwarsu da zuri'ar gero kuwa ta riga wannan da nisa.

Inda kanka ya ɗaure shi ne ka haɗa tarihin noma da tarihin nasaba, kuma ba abu ɗaya ba ne. Tarihin noma na jiya-jiya ne. Masara an fara nomanta a kudancin Meziko wajen kwarin Balsas kimanin shekara 9,000 da suka wuce daga wata ciyawa da ake ce ma teosinte, ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1492. Dawa alamun nomanta mafi daɗewa a gabashin Sudan aka same su, kusan shekara 5,000. Gero namu ne na Sahel, an samu alamunshi a kwarin Tilemsi a Mali kusan shekara 4,500. Ka ga duk dubbai ake magana, ita kuwa bishiyarka miliyoyi take aunawa. Tun kafin wani ɗan Adam ya riƙe fartanya kakannin dawa da na masara sun riga sun rabu kowa ya kama nahiyarshi. Gero da dawa maƙwabta ne da manomi ya haɗa, kama da wane ba ta wane.

Teburinka na farko kuma siffofin da ka zaɓa ne suka ja ka. Jure fari, tsayin kara, girman ƙwaya, waɗannan abubuwa ne da muhalli da hannun manomi ke iya kawowa a zuri'o'i daban-daban ba tare da gado ɗaya ba. Misali salon sarrafa hasken rana da ake kira C4, wanda ke sa gero da dawa da masara su yi kyau cikin zafi, ya ɓullo fiye da sau 20 daban-daban a cikin gidan ciyawa kaɗai. Ita kuma masara da ka ga ta fita daban da goyonta a gefen kara, ai mutane ne suka sauya mata kama ta hanyar zaɓen iri, ƙwayoyin gado ƙalilan ne suka kawo mafi yawan bambancin, akwai ɗaya sananniya tb1 wadda ta hana ta yin rassa barkatai irin na teosinte. In ka rubuta wannan bambancin tsakanin bishiyarka ta hannu da ta DNA da dalilinshi, ina ganin shi ne ma abin da malaminku ke son ya gani.

Amma fa akwai gyara guda biyu. Na ɗaya, buɗe fayil ɗin da ka jera ka duba tsawon kowane jeri. Cikakken rbcL harufa 1,400 da ɗoriya ne, amma da yawa daga abin da ke GenBank guntu ne na harufa ɗari biyar da wani abu da aka yi don tantance jinsi kawai. In ɗaya daga cikin naka guntu ne kuma ka zaɓi Complete deletion, to MEGA zai zubar da duk wurin da wannan guntun bai kai ba, ka ga ka yi asarar fiye da rabin bayananka saboda mutum ɗaya. Na biyu, wake ya yi nisa da yawa. Shi ba ma cikin masu ganyen tsiro ɗaya yake ba, bare mai nisa haka yakan ja duk wani mai dogon reshe zuwa wurinshi ya karkatar da saiwar. Nemi wanda ke wajen gidan ciyawa amma unguwarsu ɗaya, wato Poales. Abarba tana ciki, aya ma tana ciki. Ni da abarba zan yi.

Batun suna kuma gero ne ka sauke kar ka ji komai, tun 2010 aka haɗe Pennisetum cikin Cenchrus, shi ya sa.

Manomin Mashi:

Ni ban yi karatun nan naku ba yarana, malamin gona na yi shekaru kafin in koma noma kacokan, amma da na karanta abin ya ja hankalina. Ku da kuke mamakin dawa da rake, kun manta da takanɗa ne? Takanɗa ai dawa ce, ba wani abu ba, amma ka ɓare karanta ka sha kamar rake, ruwa da zaƙi. Ka je ka yanko karan takanɗa da na rake ka aje su kusa ka duba gaɓoɓin da yadda ganyen ya rungume karan. Sannan ka duba dawa da masara tun suna ƙanana sati uku da tsirowa, wanda bai saba ba wallahi ba zai raba su ba, ganye mai faɗi da farin layi a tsakiya. Gero kuwa tun yana ƙarami ganyenshi siriri ne kuma yana ƴaƴa da yawa daga gindi. Ko ƙasa ma ba iri ɗaya suke so ba, gero jigawa yake so, dawa ta fi son wuri mai ɗan laka. Mu dai mun saba kiransu tare ne saboda su ne abincinmu.

Tambayata ita ce maiwa fa, da shibra da ke fitowa cikin gero tana zubar da ƙwaya tun kafin a yi girbi, ina za su faɗa a wannan zane naku?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Yaya na Samaru Allah ya saka da alheri, wallahi kamar kana zaune kusa da ni. Na duba yanzu, acca ce guntuwa, harufa 563 kawai, sauran duk sun haura 1,400, kuma Complete deletion na danna. A ƙasan bishiyar ma MEGA ya rubuta adadin gurabun da ya yi amfani da su ni ne ban karanta ba. Wuta ta ɗauke kuma cajin laftof ɗin saura kaɗan, da safe zan je wurin caji in sake insha Allah.

Baba na Mashi na gode ƙwarai, takanɗa kam ban kawo ta a raina ba ko kaɗan alhali kakata tana shuka ta a bayan gida. Batun maiwa bari masana su amsa kar in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Har yanzu dai lambobin nan da maganar abokina ta kaka da jika su ne ban samu amsarsu ba.

Ƴar Kusugu:

Bari in sa baki a nan, bara na gama kuma furojet ɗina a kan irin wannan ne, ƙwayoyin cuta na yi da wata ƙwayar gado da ake ce ma 16S amma ƙa'idar ɗaya ce.

Lambobin ba maki ba ne ɗan uwa, ba wanda ya faɗi. Ka ɗauka ka je kasuwa sayen buhun gero kana son sanin ko an gauraya shi, sai ka zura hannu ka ɗebo ka duba ka mayar, ka sake zurawa wani wurin ka ɗebo, in duk ɗiban da ka yi abu ɗaya kake gani sai hankalinka ya kwanta da buhun. Haka butstarap yake. Kwamfuta na ɗaukar gurabun jerin nan naka ta yi ta zaɓe da ka, wani gurbin ya fito sau biyu ko uku wani ma bai fito ba sam, har ta haɗa sabon jeri mai tsawo daidai da na asali, ta gina bishiya da shi, ta sake, har sau 1000 da ka ce mata. Lambar da ke kan mararraba ita ce sau nawa cikin ɗari wannan rukunin ya sake fitowa. 98 na nufin kusan duk yadda aka juya bayanan dawa da rake da masara ba sa rabuwa. 39 kuma na nufin bayanan da ka ba ta ba su isa su yanke hukunci ba, ba wai shinkafa da alkama ba dangi ba ne. Joseph Felsenstein ne ya kawo wannan dabarar cikin aikin bishiya a 1985, kuma yawanci daga 70 zuwa sama ake ɗauka da ƙarfi, ƙasa da 50 wasu ma ba sa rubuta shi a zanen. Abu ɗaya da nake so ka kiyaye a rifot, kar ka rubuta cewa 98 na nufin kashi 98 gaskiya ne, malamai na kama mutane da wannan sosai. Abin da yake aunawa shi ne yadda bayananka suka yarda da junansu, in tun farko ka jera su a karkace za ka iya samun 100 a kan kuskure.

Shi kuma abokinka ka ce mashi ya buɗe bishiyar ya danna wata mararraba ya juya ta, akwai maɓallin yin haka a gefen hagu. Alkama za ta dawo ƙasa gero ya hau sama kuma ba abin da ya canza. Kamar a ce Malam yana da ƴaƴa biyu, ko ka fara kiran babban ko ka fara kiran ƙaramin ubansu dai ɗaya ne. Sama da ƙasa ba su da ma'ana, mararraba ake bi, ka ɗora yatsa a kan jinsi biyu ka bi rassan baya har inda suka haɗu, waɗanda suka haɗu da wuri su suka fi kusa. Kuma duk wanda ke bakin reshe yana raye yau, wake na yau ba kakan alkamar yau ba ne, ɗan baffanka komai tsufanshi ba zai zama kakanka ba. Kakannin suna can a mararrabar, babu su yanzu, ba mu da DNA ɗinsu, hasashensu muke daga abin da jikoki suka gada. Tsawon reshe ma ba shekaru ba ne kai tsaye, duba ɗan layin awo da ke ƙasa, in an rubuta 0.01 to wannan tsawon na nufin canjin harafi ɗaya a cikin kowane ɗari.

Baba na Mashi ina gaisuwa. Maiwa da gero jinsi ɗaya ne, bambancinsu na iri ne da lokacin nuna, shibra kuma barbara ce tsakanin geron gida da danginshi na daji. A rbcL da wuya a ga bambanci tsakaninsu saboda a hankali take canzawa, za su taru wuri ɗaya ne kamar abu guda. Sai an yi amfani da wuraren DNA masu saurin canzawa kafin a raba su.

Wannan ya tuna man wani abu da ya kamata ya shiga rifot ɗin. rbcL a cikin kuloroplas take, wato ɓangaren nan kore na cikin ganye da ke sarrafa hasken rana, kuma a waɗannan tsirran ta wajen uwa ake gadonshi. Wato bishiyarka dangin uwa kawai take ba ka labari. Alkamar burodi haɗin zuri'a uku ce, shi ya sa take da kuromozom, wato ƙunshin DNA, har 42, raken da ake nomawa yanzu ma yawancinshi barbarar jinsi biyu ne, to wannan duk rbcL ba za ta nuna maka ba. Bishiyar ƙwayar gado ɗaya ce ka gina, ka faɗi haka a fili.

Almajirin Gobarau:

Ni dai shawara ce ƴan uwa, ba faɗa ba. Wannan karatun ba shi ne na Darwin da ake cewa wannan ya fito daga wancan ba? Mu riƙa hattara da abin da muke sa ma zukatanmu saboda jarrabawa. Allah shi ne Mahaliccin komai.

Malamin Daura:

Malam na Gobarau, Allah ya saka da nasiha, babu wanda ke jayayya a nan cewa Allah ne ya halicci gero da dawa da mu da ke cin su. Abin da ya shafi aƙida a kai shi gaban malamai masana, ni ba zan yi fatawa a nan ba. Amma aikin da yaron nan ke yi ƙirga ne, ya jera harufan da ke cikin tsirrai ya ga wane ya fi kama da wane, kuma harufan nan suna nan ko an duba ko ba a duba ba. Kuma amfaninshi ya taɓa mu a nan arewa kai tsaye. Lokacin da aka sake samun cutar shan inna a Borno a 2016 bayan an yi wajen shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba, da irin wannan bishiyar aka gane ba daga wata ƙasa aka shigo da ƙwayar ba, zuri'ar wadda aka gani a Bornon ce tun 2011, ta yi ta yawo a wuraren da masu rigakafi ba sa iya shiga. Sanin haka ne ya nuna inda za a sa ƙarfi, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta shan inna a Agustan 2020. Don haka ina so yaranmu su iya wannan aikin da hannunsu.

Ɗana na Ƙofar Marusa, shekara goma sha ina koyar da bayoloji a sakandare a nan Daura kuma misalin da ya fi shiga kan ɗalibaina na harshe ne. Duba Hausa da Fulatanci. Ɗaruruwan shekaru muna zaune tare, mun yi auratayya, kasuwa ɗaya masallaci ɗaya, har a jarida an mai da mu kalma ɗaya. Amma a wajen masana harshe Hausa ƴar gidan harsunan da ake kira Cadi ce, ƴan uwanta na jini su ne irin su Bolanci da Karekare da Angas na Filato, can sama kuma ta haɗu da Larabci da harsunan Buzaye da na Habasha. Fulatanci kuwa danginshi suna can Senegal, su Serer da Wolof. Wanda ya ƙirga kalmomin aro kawai zai ce Hausa da Fulatanci uwa ɗaya uba ɗaya, zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai. Masu nazarin harshe sai su bar kalmomin kasuwa su koma kan abin da ba a cika arowa ba, lamirai, ƙidaya ta farko, sassan jiki, yadda ake raba namiji da mace a nahawu. To kai ma teburinka na farko kalmomin kasuwa ka ƙirga.

In kana son siffar da ta yi daidai da lamiri a wajen ciyawa, furen za ka duba. Su dawa da rake ƙananan furanninsu bibbiyu suke fitowa, ɗaya a zaune ɗaya a kan ɗan sanda, a dawa za ka ga mai ƙwayar a zaune ɗan uwanshi siriri a gefe ba ƙwaya. Tutar masara ma bibbiyu ne in ka duba. Gero kuwa ka murje zangarniya ka ciro ƙulli ɗaya, za ka ga wasu gashi-gashi sun kewaye gindinshi, su ne ke cikin ƙaiƙayin da ke damun mata wajen sussuka.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, sunan nan Cenchrus da ya ba ka tsoro. Ka san wace ce Cenchrus biflorus? Ƙarangiya ce. Ita dai ƙarangiyar da ke maƙale maka a ƙafar wando in ka ratsa gona da kaka. Gashin nan na gindin ƙwayar gero, a jikin ƙarangiya su ne suka yi tauri suka manne daga ƙasa suka zama ƙaya. Da aka gina bishiyoyin DNA aka ga ƙarangiya da danginta a tsakiyar su gero da kyasuwa suke zaune, ba yadda za a yi a ware su a bar gidan cikakke, shi ya sa aka haɗe su suna ɗaya. Ni duk shekara sai na sa ɗalibai sun kawo zangarniyar gero da ƙarangiya da kyasuwa aji, mu baje a kan farar takarda mu duba da gilashin ƙara girma, ajin kan yi tsit. Tunda an ce har goma za ka iya, ka sa ƙarangiya a bishiyarka.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Salam, na dawo. Tun ƙarfe takwas nake shagon caji sai yanzu bayan la'asar na gama.

Na samo cikakken rbcL na acca daga cikin cikakken jerin DNA ɗin kuloroplas, na cire wake na sa abarba, na ƙara ƙarangiya kamar yadda Malam na Daura ya ce, na kuma ƙara sha'ir don alkama ta samu ɗan uwa. Da na jera sai na ga ɗaya ta ƙi hawa layi sam, harufanta ba su dace da na kowa ba, na yi ta kallo kafin na gane a juye take, na yi mata Reverse complement ta zauna daram. Na datse bakin farko da na ƙarshe inda suka fi juna tsawo, gurabu 1,300 da ɗoriya suka rage.

Sakamakon: gero da ƙarangiya 99, reshensu gajere ƙwarai kamar a manne. Su biyun da acca ya tashi daga 47 zuwa 76. Dawa, rake, masara 99. Alkama da sha'ir 100. Shinkafa da su alkama ya hau zuwa 63, bai kai 70 ba, zan rubuta shi a haka in ce goyon bayan matsakaici ne. Dawa da rake har yanzu 61, ina ganin jinkirin canjin da Anti ƴar Kusugu ta faɗa ne, rassan wurin duk gajeru ne. Na sake yi da wata hanyar gina bishiya, Maximum Likelihood, don in gwada, ya ɗauki lokaci sosai amma manyan rukunan ba su canza ba.

Abokin nawa na juya mashi mararrabar a gabanshi alkama ta sauko ƙasa, ya ce in sake, na sake, yanzu ya koma yana gyara nashi rifot ɗin don ya riga ya rubuta raƙumi ne kakan saniya.

Da na fito na bi ta bayan unguwa na tsinko ƙarangiya guda uku, na kira gida na ce a aiko man da zangarniyar gero ɗaya da ta dawa ɗaya a motar kasuwa gobe, ina so in ɗauki hotonsu in sa a shafin ƙarshe kusa da bishiyar.

Yaya na Samaru tambaya ɗaya ta rage, in na sauke matK, wata ƙwayar gadon ta kuloroplas, na haɗa da rbcL ɗin don dawa da rake su ƙara ƙarfi, sai na jera kowace daban sannan in haɗe su, ko tun farko zan manna su in jera gaba ɗaya?

Bakatsine a Samaru:

Kowace daban, ka datse ta, sannan ka haɗe. Ka tabbatar sunan kowane jinsi iri ɗaya ka rubuta a fayil biyun harafi da harafi, in ba haka ba MEGA zai ɗauka jinsi biyu ne. Kuma kar ka zubar da bishiyar farko mai 39 da 47, ka sa ta a rifot ɗin kusa da sabuwar ka bayyana abin da ka canza.